Motoci masu aiki da hasken rana: me ɗan kasuwar kan iyaka zai samu a ciki?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a Nijeriya, lissafin sufuri ya rikice a duk kasuwannin da ke kan iyaka, tun daga Kwanni da Illela har zuwa Jibiya da Ɗan Isa da Maigatari. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Man da 'yan ruwa-ruwa suka saba tsallakowa da shi ya ja baya, nauyi ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram wadda ganga 20,000 kawai aka gina ta ta tace a yini, kuma masu karatu ba su manta da dogayen layukan da aka sha a gidajen mai na Nijar a watan Maris na 2025 ba. Duk wanda ya yi lodin albasa ko wake ko dabbobi a wannan tsakani ya san yadda kuɗin mota ya cinye riba.

A cikin wannan hali ne maganar motoci masu aiki da hasken rana ta kankama, har wasu dillalai suka fara tallar adaidaita sahu mai faifan sola a bisa rufi, suna cewa wanda ya saya ya yi sallama da gidan mai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai bukatar a tsefe ta kafin mutum ya zuba jarinsa.

Mu fara da lissafi, tunda shi ɗan kasuwa ya fi ganewa. Faifan sola mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana ba da wuta kimanin wat 200 idan rana ta take. A yankinmu, inda Allah ya hore mana rana, idan aka haɗa abin da zai tara daga safe zuwa yamma zai kai kamar yunit ɗaya, wato irin yunit ɗin da mitar kamfanin lantarki ke ƙirgawa. Rufin adaidaita bai wuce ya ɗauki biyun wannan faifai ba, ke nan yunit biyu a yini. Ita kuwa adaidaitar lantarki idan ta ɗauki fasinja da kaya tana shan kusan yunit ɗaya a kowane kilomita goma. Ashe rufin zai kai direba kilomita 20 ne ko abin da ya yi kusa da haka, wannan ma idan ƙurar hunturu ba ta lulluɓe faifan ba, kuma bai fake a inuwar dogon yaro yana jiran fasinja ba. Kilomita 20 kyauta ba abin rainawa ba ne, sai dai direban da ke zirga-zirgar kilomita 100 a yini dole ya nemi sauran wutar a wani wuri. Ita tirela ba a ma maganarta. Ko an shimfiɗe bayanta kaf da faifai, abin da za ta tara a yini bai wuce yunit 30 ba, alhali da cikakken lodi tana bukatar fiye da yunit ɗaya a kowane kilomita. Ba za ta kai daga Katsina zuwa Jibiya ba.

Turawa ma sun gwada sun ga iyakar abin. Kamfanin Lightyear na ƙasar Holan ya ƙera mota mai faifai a jiki da kuɗinta ya kai yuro 250,000, amma a watan Janairu na 2023 ya dakatar da ƙerawa. Wata guda bayan haka kamfanin Sono na Jamus ya watsar da tasa motar mai suna Sion, bayan dubban mutane sun ba da kafin alƙalami. A nan Afirka, kamfanin Kiira na gwamnatin Yuganda ya nuna bas mai faifai a rufi mai suna Kayoola a 2016, amma bas-bas ɗin lantarki da ya ci gaba da ƙerawa masu batir ne da ake jonawa a caja.

Inda abin ya yi nasara shi ne inda aka bar faifan a ƙasa, aka ɗora wa motar batir. A Maiduguri, wani matashi mai suna Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin mai daga ƙananan bas-bas yana sa musu na lantarki, ana caja su a tashar da ke aiki da hasken rana. Hukumar kula da ƙera motoci ta Nijeriya, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, ta buɗe irin wannan tashar caji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Masana'antun ƙera motocin su kansu haka suke yi. Kamfanin Ford ya rufe filin ajiye motoci na masana'antarsa da ke Piritoriya a Afirka ta Kudu da faifai fiye da 30,000 a 2022, waɗanda ke ba shi kusan kashi 35 cikin ɗari na wutar da yake bukata.

Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne babur. Kamfanin Spiro ya baza baburan lantarki a Benin da Togo tun 2022 kafin ya shiga Nijeriya da gabashin Afirka, kuma tsarinsa shi ne ɗan kabu-kabu ba ya tsayawa jiran caji, yana miƙa batirin da ya ƙare ne a ba shi cikakke ya biya, kamar mai canza tukunyar gas. Gwamnatoci ma sun fara tura mutane can da ƙarfin doka. Habasha ta hana shigo da motoci masu shan mai a 2024, ita kuma Ruwanda ta daina yi wa sabbin baburan haya masu shan mai rajista a Kigali daga Janairun 2025. Sai dai Habasha tana taƙama da madatsun ruwa ne, mu kuwa ba mu da su. Lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar ne ya tafi. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen wannan shekara ta rage wa Yamai raɗaɗi, amma wanda ke Madarunfa ko Matamaye ya san ba zai jingina sana'arsa da wayar kamfani ba. Don haka a wajenmu babur ɗin lantarki da faifan sola tafiyarsu ɗaya.

A ganina a nan ne kasuwar take. Farashin faifai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, na batir ma ya sauka ƙwarai, kuma mafi yawansu daga Sin suke fitowa, hanyar da 'yan kasuwarmu suka riga suka sani. Rumfar kasuwa mai faifai 20 ko 30 za ta iya cika batiran babura da dama a yini, ta kuma riƙe firjin ƙanƙara da cajin waya. Ɗan ruwa-ruwan da ya iya tsare bakin hanya da kwalabe yana da abokan ciniki a hannu, jari ne kawai ba shi da shi, kuma wannan aiki ne da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan kabu-kabu za su iya yi da adashi.

Wani hanzari ba gudu ba, batir shi ne zuciyar abin, shi ne kuma mafi tsada a jikin abin hawa. Zafi yana rage masa kwana, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura digiri 40. Yawancin adaidaita masu araha batirin darma ne a cikinsu, irin na mota, wanda ba ya jure caji da saukewa kullum kamar na litiyam. Mai saye ya tambayi wane iri ne, shekara nawa ne garanti, a rubuce, kuma wa zai gyara idan ya lalace, domin bakaniken tasha da ya ƙware a kan kafireto bai san kan wannan inji ba tukuna. Kasuwar faifan ma cike take da jabu, za ka ga an manna takardar wat 300 a kan wanda bai kai rabin haka ba. Shi kuma tsarin musayar batir yana da nasa tarko: batirin na kamfani ne, na wannan kamfani ba ya shiga babur ɗin wancan, kuma tashoshin suna cikin manyan birane. Ɗan kabu-kabun da ke ɗaukar kaya daga Illela zuwa Kwanni, idan babu tasha a ɗaya gefen, dole ya auna wutar zuwa da dawowa kafin ya tsallaka.