Richie Benaud: Kyaftin ɗin da Ya Iya Yin Shiru

Gidajen talabijin sun saba ɗauko tsohon kyaftin ɗin wasan kurket da zarar ya ajiye sanda, su zaunar da shi a ɗakin sharhi, bisa zaton wanda ya jagoranci ƙungiya a fili ba zai rasa abin faɗa ba. Ba ya kuwa rasawa. Sau da yawa ma abin faɗar ne yake yin yawa, har mai kallo ya gaji da labarin zamanin da mai sharhin yake tashe.

Richie Benaud na Ostareliya ya sha bamban, kuma kuskure ne a ce kyaftinci kaɗai ya ba shi wannan fifiko. Gaskiya ne ya jagoranci ƙasarsa a manyan wasanni 28 daga 1958, ba tare da an taɓa cinye ta a jerin wasanni ba. Amma tun yana wasa ya yi aikin jarida a Sydney, yana bin labaran 'yan sanda, kuma a 1956 ya tsaya a Landan ya koyi aikin talabijin wurin BBC. Ya shiga ɗakin sharhi ne a matsayin wanda ya koyi sana'ar, kuma ƙa'idarsa ita ce kada a buɗe baki sai in maganar za ta ƙara wani abu a kan abin da ido ya riga ya gani. Yakan bar ƙwallo ya wuce bai ce uffan ba. Ko kalmar "mu" yakan guje mata idan yana maganar Ostareliya.

Amfanin kyaftincin ya bayyana ranar 1 ga Fabrairu, 1981, a Melbourne. New Zealand na buƙatar maki 6 a jifan ƙarshe don yin kunnen doki, sai kyaftin Greg Chappell ya umarci ƙanensa Trevor ya mirgina ƙwallon a ƙasa, yadda ba za a iya ɗaga shi ba. Dokar gasar ba ta hana ba a lokacin. A daren nan Benaud ya fuskanci kyamara ya kira abin da suna abin kunya, alhali ƙasarsa ce ta yi nasara. Da wani ɗan jarida ne ya faɗa, da an ce bai san zafin fili ba. Benaud kuwa ya riƙe wannan muƙami shekara da shekaru kafin Chappell.