Wasan Waya: A Yi Masa Lissafi Irin Na Gona

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ta Ɗambatta, ko ya bi ta Katsina ta Bichi da Tsanyawa, a tsakiyar damina, ya san abu ɗaya: ba zai ga daji ba. Gona na manne da gona, gero da dawa a tsaye, wake da gyaɗa a ƙarƙashinsu, har bakin kwalta. A wannan ƙasa tamu ba a barin ko taku ɗaya ya kwana banza. Kara na zama danga da makamashi, harawa na zama abincin tumaki, kashin tumakin kuma ya koma gona a kan jaki. Tun a shekarun 1960 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya yi nazarin gonakin da ke kewaye da birnin Kano, abin da ya ba masana mamaki kuwa shi ne yadda ake noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, ga yawan jama'a, amma ƙasar ba ta mutu ba. Asirin bai wuce lissafi ba. Iyayenmu sun san abin da ya shiga gona, sun san abin da ya fito.

To, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne, akwai wani sabon fili da ya shigo gidajenmu wanda ba mu yi masa wannan lissafi ba. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, amma yana cin kuɗi, yana cin lokaci, yana cin hankalin 'ya'yanmu. Muna nufin wayar hannu, musamman ɓangaren wasa da nishaɗi da ke cikinta, da tarkacen da ake saye domin a ƙawata ta.

Kada wani ya ce mun ƙi zamani. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, mun ga amfaninta da idonmu. Manomi a Makoɗa yana iya jin farashin wake a kasuwar Dawanau kafin ya ɗaura buhu a mota. Ɗan cin rani a Legas ko Abuja yana aiko wa uwarsa kuɗin cefane ba tare da ya jira mai zuwa gida ba. Mai naƙuda cikin dare, ana kiran mai babur. Wannan duk alheri ne, ba mu musu.

Amma a tsaya a duba abin da ke cikin wayar yawancin samarinmu, a duba kuma tebur ɗin mai kayan waya ranar kasuwa. Akwai manhajar da ke canza muryar namiji ta koma ta mace. Akwai wadda ke mayar da fuskar saurayi ta tsoho mai furfura. Akwai kyanwar nan Talking Tom, wadda tun 2010 ba ta da aiki sai maimaita abin da ka faɗa da siririyar murya. Akwai ludo, akwai tseren mota, akwai TikTok da ba ya ƙarewa. A kan tebur kuwa ga 'yar sifika ta Bluetooth mai walƙiyar fitilu, ga iyafis, ga sandar ɗaukar hoto, ga fitila mai zobe ta masu ɗaukar bidiyo, ga gilashin ƙara girman allo domin kallon fim, ga rigar waya mai kunnen zomo, ga rigar kwamfutar hannu ta yara mai mariƙi. Galibinsu daga Sin suke fitowa, su sauka a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano, daga nan su bazu ƙauye. Kowannensu kuɗinsa kaɗan ne, shi ya sa ba wanda ke jin ciwon sayensa. Wasu ko wata uku ba sa yi sun lalace, sai a sayi wani. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Idan ana son misalin da zai fahimtar da kowa, a tuna da daminar 2024. A watan Mayu na shekarar, wani wasa mai suna Notcoin da ake yi a cikin manhajar Telegram ya biya waɗanda suka daɗe suna danna shi, wasu suka sami kuɗi na gaske. Labari ya cika Arewa cewa ta fashe. Nan da nan matasa suka ruɗe da abin da suka kira mainin, wato haƙar kuɗin intanet. Wanda ya fi tashe shi ne Hamster Kombat, wasan da hoton wata dabba mai kama da ɓera ke tsakiyar allo, aikinka kawai ka yi ta danna ta da yatsa, lamba na ƙaruwa. Masu wasan sun yi iƙirarin cewa mutum miliyan 300 ne suka shiga a duniya. Daga birni har ƙauye, a majalisa, a shagon caji, a gindin darbejiya, ba ka ganin komai sai kawuna a sunkuye da yatsu na motsi.

A lura da lokacin. Watannin da aka fi danne-dannen nan su ne Yuni, Yuli, Agusta da Satumba, wato daga shuka zuwa noman farko, zuwa maimai, zuwa lokacin da gero ke nuna. Ranar 26 ga Satumba, 2024 aka saki kuɗin. Jama'a da yawa suka tarar abin da suka tara cikin watanni bai wuce 'yan daloli kaɗan ba, wasu ma bai biya kuɗin datar da suka ƙone ba. Wanda ya ba gonarsa waɗannan watanni ya kai dami rumbu. Wanda ya ba ɓera, ya tashi da ciwon yatsa.

Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: wa ya ci ribar? Domin banza ba ta kai zomo kasuwa. A cikin wasan nan ana umurtar mai dannawa ya kalli bidiyo a YouTube kowace rana, ya shiga shafuka, ya gayyato abokai. Kowane kallo kuɗin talla ne ga masu wasan. Ashe matasanmu ba wasa suke yi ba, ƙwadago suke yi a gonar wani da ba su taɓa gani ba, su ne kuma ke biyan kuɗin zuwa gonar. Haka yawancin manhajojin da aka ce kyauta ne suke. Mai yin su ba ɗan'uwanmu ba ne da zai yi mana aikin gayya. Abin da yake sayarwa shi ne idonmu da lokacinmu, mai saye kuwa shi ne mai talla. Saboda haka aka gina su yadda ba su da ƙarshe: ka gama mataki ɗaya a buɗe maka wani, ka gama bidiyo ɗaya wani ya faɗo, ka yi kwana ɗaya ba ka shiga ba a ce ka yi asarar lada.

Nan ne bambancinsa da wasannin da muka tashi da su. Mu ma mun yi wasa, ba mu taso da ɗaure fuska ba. An yi dara a gindin bishiya, an yi langa da kokawa bayan kaka, 'yan mata sun yi gaɗa a dandali da farin wata, kaka ta yi tatsuniya har yara su yi barci. Amma kowannensu yana da lokacinsa, yana da jama'a, yana kuma da ƙarshe. Wata ya faɗi, kowa ya nufi gida. Tatsuniya ta kai ƙurunƙus, an tashi. Ba wanda ya taɓa yin kokawa a ranar shuka. Wasan waya kuwa ba shi da kaka ba shi da damina, mutum ɗaya yake yinsa, kuma yana bin sa har kan tabarma.

Yanzu mu zo kan kuɗi. Ƙauyukanmu da yawa ba wutar lantarki, inda ake da ita kuma ba ta zama. Saboda haka kowace waya sai ta je shagon mai caji, shi kuma da janareta ko sola yake aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta ci gaba da hawa, kuɗin caji ya bi ta. A watan Janairu na 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ga kuɗin turi, wato abin da ake ba mai kwamfuta ya zuba fina-finan Hausa da fassarar Indiya a memori. Mu ɗauki misali kawai: a ce saurayi yana kashe naira 100 a caji, 200 a data kowace rana. A wata naira 9,000 ke nan, a shekara ya haura 100,000, ba a sa sifika da iyafis da gyaran fasasshen allo ba. A je kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi a tambayi kuɗin buhun takin zamani, ko na tunkiya mai ciki, sai a gwada. A gidan da samari uku ke da waya, a ninka sau uku. Sa'an nan idan damina ta kama, mu ce ba kuɗin taki.

Wanda ya fi damunmu shi ne batun ƙananan yara. Ya zama al'ada yaro ya yi kuka a miƙa masa waya. Wanda Allah ya hore masa kuma, ya dawo daga birni da kwamfutar hannu mai riga ja ko shuɗiya, an ce masa ta koyon karatu ce, alhali ba abin da yaron ke buɗewa sai katun da tseren mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ita dai hukumar ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙure sauti a kunne. Yaro da bakin uwarsa yake koyon magana, a wurin kakarsa yake koyon karin magana da gaisuwa, a bayan ubansa yake koyon bambanta gero da ciyawa. Kyanwar cikin waya ba za ta koya masa ko ɗaya ba, abin da ya faɗa kawai take mayar masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun san abin da matasa za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce gonar gado ta rabu har ta koma kamar tabarma, ba ta isa mutum biyu ba balle biyar. Za su ce daga kaka zuwa bazara ba aiki, ba kowa ke da fili a bakin madatsar Tomas ko ta Watari da zai yi noman rani ba. Za su ce mai danna ɓera ba lalaci ya kai shi ba, neman mafita ne. Mun yarda. Wanda ya ga ƙofa ko ta zane ce a bango zai gwada turawa idan ɗaki ya yi masa zafi. Laifin ba nasu kaɗai ba ne, har da mu manya da muka iya faɗa amma ba mu tanadar musu abin yi ba, muka kuma bar dandali ya mutu. Wasunmu ma da ke yi musu faɗa, wayarmu ce ke fara ƙara a tsakiyar sujada. Amma ƙarancin gona dalili ne na ƙara tsimi, ba na ƙara ɓarna ba. Wanda rumbunsa ƙarami ne shi ya fi kowa tsoron gara.

To, ina mafita? Ba mu ce a fasa waya ba, ba mu ce a daina dariya ba. Ga shawararmu.

Na ɗaya, kowane gida ya zauna ya yi lissafi na wata ɗaya tak: caji nawa, data nawa, turi nawa, tarkace nawa. A rubuta a takarda. Gani ya kori ji.

Na biyu, a yanka wa wasa lokaci kamar yadda iyayenmu suka yi. Ba waya a gona sai domin kira, ba waya a kan akushi, ba waya a hannun ɗan makaranta bayan an kwanta. Maigida da uwargida su fara da kansu.

Na uku, duk manhajar da ta yi alkawarin kuɗi ba tare da gumi ba, a tambaya: daga ina kuɗin zai fito? Idan kuma ta ce a fara biya, ko a kawo mutane, ko a ba da lambar BVN da ta asusun banki, a guje ta. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na huɗu, zumuntar mata da ta matasa su ɗauki wannan a matsayin darasi. A cikin samarinmu akwai waɗanda suka san waya ciki da waje. A ba su fili su koya wa iyaye yadda ake goge manhajar banza, yadda ake tsimin data, yadda ake sauraron hasashen damina na hukumar NiMet da shirye-shiryen noma. Kuɗin sifika uku in an haɗa, ya fara adashin da zai kai yaro koyon gyaran waya ko haɗa sola, sana'ar da ƙauye ke nema yau.

Na biyar, a farfaɗo da wasan da ake yi tare: ƙwallo, dara, waƙa, wasan kwaikwayo, kacici-kacici da rani. Ba a raba yaro da abin hannunsa sai an ba shi wanda ya fi.

'Yan'uwa, kakanninmu sun riƙe wannan ƙasa shekaru aru-aru domin ba su yarda komai ya tafi banza ba, har tokar murhu. Lokaci ma gona ne, kowa awa 24 aka ba shi a rana, ba a saye ba a aro. Kafin damina mai zuwa, bari kowane gida ya tambayi kansa wa ke noma wannan fili na tafin hannu, kuma rumbun wa ake kai amfanin. Allah ya ba mu ganewa, ya albarkaci aikin hannuwanmu, amin.