Kiranyen Motoci A Amurka: Wasiƙar Da Ba Ta Ƙetare Teku

A cikin watan Disamba na 2004 kamfanin Ford na ƙasar Amurka ya aika wa duk waɗanda suka sayi sabuwar motarsa mai suna Ford GT da saƙo, ya ce kowa ya ajiye tasa, kada ya ƙara hawa sai an gyara. Ita dai wannan mota ba irin ta ɗaukar iyali ba ce. Kujera biyu gare ta, ƙarfin injinta ya kai na doki 550, tana iya gudun sama da kilomita 300 a awa guda, kuɗinta kuwa wajen dala 140,000. An ƙera ta ne don tunawa da GT40, wadda ta cinye tseren Le Mans na ƙasar Faransa sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969. Amma duk da wannan kirari, sai ga shi abin da ya durƙusar da ita ɗan ƙarfen ƙafa ne wanda yaro ma zai iya ɗauka da hannu ɗaya.

Kowace taya ta mota tana da hannuwa na ƙarfe waɗanda suke riƙe ta da gangar jiki, su bar ta ta yi sama ta yi ƙasa in an shiga gargada, amma su hana ta kaucewa. Na Ford GT da alminiyam aka yi su, ta hanyar zubi. To, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar dalma ya san halin wannan aiki: in iska ko datti ya maƙale a cikin narkakken ƙarfe, daga waje sumul, amma ciki akwai rauni, kuma daga nan tsagewa take somawa. Irin wannan aibi aka gano a hannuwan motar. Tukunya in ta tsage, miya ce ta zube. Hannun taya kuwa in ya karye ana cikin gudu, sitiyari ya tashi daga aiki ke nan. Motocin da aka ƙera a lokacin ba su kai 500 ba, aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka sake musu hannuwa, ba a karɓi ko kwabo daga masu su ba.

Kada mai karatu ya zaci alheri ne kawai na kamfani. Doka ce, kuma abin mamaki, asalin dokar ma daga rigimar ƙafar mota ya taso. A 1965 wani lauya mai suna Ralph Nader ya wallafa littafi yana sukar kamfanonin motoci, ya buɗe shi da motar Chevrolet Corvair, wadda ya ce tsarin ƙafafunta na baya yana sa ta juyewa a kwana. Maimakon kamfanin General Motors ya tsaya ga ba da amsa, sai ya sa 'yan leƙen asiri su bi diddigin lauyan. Asiri ya tonu, har shugaban kamfanin ya nemi gafara a gaban kwamitin Majalisar Dattijai. A 1966 aka kafa dokar kiyaye lafiyar motoci, a 1970 kuma aka kafa hukumar NHTSA wadda take kula da ita har yanzu. Daga baya, a 1972, binciken gwamnati ya ce Corvair ba ta fi sauran motocin zamaninta hatsari ba, amma kafin nan doka ta riga ta zauna da gindinta. Abin da ta ce shi ne, kamfanin da ya tabbatar da aibi mai hatsari a motarsa lalle ne ya sanar da hukuma cikin kwana biyar na aiki, ya rubuta wa masu motar, sa'an nan ya gyara kyauta.

Ana iya cewa ina ruwan mai neman abinci a Agege ko Sabo ta Ibadan da motar attajiran Amurka? Da ita kanta babu. Amma ciwon ƙafa bai san mota mai tsada ba. A 2005 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kimanin 775,000 a Amurka, cikinsu har da 4Runner da Tacoma da Tundra da Sequoia, saboda boljoyin na ƙasa a ƙafar gaba, watau wannan gaɓa mai kama da ƙwallo wadda taya take juyawa a kanta. An sami ƙarzuwa a jikinta tun daga masana'anta, wadda kan sa ta ci da wuri har ta iya zarewa. A 2007 aka ƙara kiran wasu Tundra da Sequoia sama da 500,000 kan boljoyin ɗin dai. Waɗannan kuwa su ne irin motocin da jiragen ruwa suke saukewa a Tin Can da Apapa da Kwatano, kuma mutanen Arewa da yawa suna cin abinci a kansu, wasu dillalai, wasu direbobin gidaje da ofisoshi, wasu kuma masu kora su zuwa Kano da Sakkwato.

A nan ne gizo yake saƙa. Wasiƙar kiranye adireshi take bi, wanda yake cikin rajistar jihohin Amurka. Mai Ford GT sananne ne, ana samunsa da waya ɗaya. Motar da ta wuce hannu uku, ta yi karo, aka yi gwanjonta, aka loda ta a jirgi, wasiƙarta tana can a akwatin gidan wani wanda ya manta ma ya taɓa mallakarta. Bugu da ƙari, dokar tarayya ta Amurka ta hana dillali sayar da sabuwar mota wadda ba a yi mata gyaran kiranye ba, amma ba ta hana sayar da tsohuwa ba. Saboda haka babu mai tsayar da ita a bakin teku, kuma da zarar ta ƙetare, ikon hukumar NHTSA ya ƙare. Nijeriya tana da hukumar kare masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, sai dai motar da wani ɗan kasuwa ya shigo da ita da kansa ba ta da uban da za a kama.

Har ila yau, titunan da aka auna waɗannan ƙarafa a kansu ba su ne na Apapa zuwa Oshodi ba. Gaɓar da za ta yi shekara goma a can kafin rauninta ya bayyana, ramuka da lodi fiye da kima suna iya gama da ita cikin damina biyu. In taya ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota a tsakiyar titi, sai a ce ganganci ne na direba, ko a ce tsautsayi. Direban gida kuwa shi ne a ƙarshen igiya, sau da yawa a albashinsa ake cire kuɗin gyara, in ma ya tsira da aikinsa ke nan.

Akwai hanyar dubawa, kuma kyauta ce. Tun daga 1981 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Tun 2014 hukumar NHTSA ta buɗe shafi a intanet inda ake rubuta lambar, ya nuna ko akwai kiranyen da ba a yi gyaransa ba. Yaro mai waya a hannu zai yi wannan cikin minti biyu, a gaban dillali, kafin a yi sallama. Ba ƙafa kaɗai yake tonawa ba. Ita kanta Ford GT ta sake faɗawa cikin kiranyen jakar iska ta kamfanin Takata, wanda ya shafi kimanin jaka miliyan 67 a Amurka, har a 2024 Ford ya sake cewa a ajiye waɗanda ba a gyara ba. In shafin ya nuna kiranye a kan boljoyin ko hannun taya, to mai saye ya sami hujjar rage ciniki, ragin kuma ya tafi wurin bakanike a ɗaga motar a sake ƙarfen kafin a kama hanyar Lokoja.