Odar Kotu Ba Ta Shiga Bariki Ne?

Jama'a, 'yan'uwana talakawa da 'yan kasuwa na Bagudo da Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya, ku matso ku ji wata magana wadda mahukunta ba su son a tone.

A shekarar 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. Da fari a Abuja kaɗai take aiki. Jihar Kebbi ba ta kafa tata ba sai a 2022, zamanin Gwamna Atiku Bagudu, bayan shekara 7 ke nan. To, madalla, an yi. Amma doka a takarda, ai tuwo ne a cikin hoto.

Ku ji abin da dokar ta Tarayya ta ce, gama ba wanda ya taɓa karanta muku ita a bakin kasuwa. Mijin da ya doki matarsa ana iya ɗaure shi har shekara 3, ko a ci shi tarar naira 200,000. Wanda ya kore ta daga gida da ƙarfin tsiya, shi ma laifi ya yi. Babban abin kuwa shi ne odar kariya, watau takardar da kotu ke ba mace don a hana mutumin nan taɓa ta ko zuwa inda take. Ran da aka ba da odar, ran nan ake rubuta warantin kamu a ajiye. In ya keta, sai a ɗauko a kama shi. Ba lalle sai ita ta je da ƙafarta ba, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko ɗan sanda yana iya nema mata da yardarta. Ku gwada wannan da Final Kot na 1960, wanda sashensa na 55 ya yarda miji ya "hori" matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, sai ka ce jakar da ya sayo a kara.

To, ga tambayata. In mijin soja ne fa?

Kowa ya san ƙasarmu ta cika da masu kaki. Tun rufe kan iyaka na Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 muka saba da shinge a kan hanya, ga kuma fitinar Lakurawa da hukumar soja ta bayyana a Nuwamba 2024. Ba mu ƙi soja ba. 'Ya'yan talakawa ne irinmu, suna kwana a daji domin mu kwana a ɗaki. Amma soja mutum ne, yana aure, a cikinsu akwai na kirki akwai mai saurin hannu, kamar yadda yake a cikin mahauta da malamai. Bambanci ɗaya ne: shi yana da bindiga, yana kuma da ƙofar da kurtun ɗan sanda ba ya tunkara.

A ce mai sayar da ƙosai ce ta samo odarta da kyar, bayan ta ci bashin kuɗin mota. Wa zai kai wa mijin takardar? Ɗan sanda ya ce wannan sha'anin soja ne. A bariki a ce wannan sha'anin gida ne, ko a ce an yi masa canji zuwa wani daji. Ita kuwa tana tsakiya, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko. Dokar ba ta faɗi wanda zai ƙwanƙwasa ƙofar barikin ba, masu mulki kuwa sun sami wurin fakewa. Alhali Tsarin Mulkin 1999, sashe na 217, cewa ya yi soja mai taimakon hukumar farar hula ne. Dokar Sojoji kanta ba ta hana kotun gari yi wa soja shari'a ba. Ashe ba doka ce ta hana ba, ganin dama ne babu.

Amurka ma, da yawan sojanta, sai da ta gyara wannan. A 1996 ta hana wanda kotu ta kama da laifin dukan iyali riƙe bindiga, ba ta cire soja ba. A 2002 ta ce odar kotun gari tana da ƙarfi a cikin bariki daidai da waje.

Sai kuma iyaka. Odar nan iyakacinta Nijeriya. Mutum ya hau babur daga Tsamiya, kafin shayi ya huce yana Sagbana a ƙasar Binin, ya dawo da dare ya yi abin da ya ga dama. Su ma can suna da dokar kare mata tun 2012, a 2018 kuma suka haɗe 'yan sanda da jandarmomi suka zama hukuma ɗaya. In buhun shinkafa ne ya ƙetare, nan da nan waya ta kama aiki. Mace ce ba a yi wa waya.

Abin da muke nema bai kai kuɗin motar kwamishina guda ba. Kwamishinan 'yan sanda da shugabannin soja na Barikin Dukku a Birnin Kebbi da na Runduna ta 8 a Sakkwato su zauna su rubuta yarjejeniya, a fassara da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, a manna a kowane caji ofis. A sa hafsa guda mai suna da lamba wanda zai karɓi odar ya sa hannu, ya karɓe makamin mutumin in ya tashi aiki, ya miƙa shi ga 'yan sanda ran da ya keta. In an yi masa canji, takardar ta bi shi. Mace kuma ta sami odarta a nan Bagudo, kada a ce sai ta tafi birni.

'Yan Majalisar da muka zaɓa suna zuwa gida ran kasuwa. Sarakunan kasuwa da shugabannin mata, ku tare su tun ba su sauko daga mota ba, ku tambaye su mace nawa ta karɓi odar nan a Bagudo tun 2022, guda nawa kuma aka kai bariki aka sa musu hannu.