Gwanin shekara daga Kano, ƴan kallo a Yamai

Duk ƙarshen shekara, idan hunturu ya shigo aka matsa kusa da gawayin shayi, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a fadojin Yamai, daga Bukoki zuwa Talaje, daga Lazare zuwa Harobanda: wane wasan kwaikwayo mai dogon zango ne ya fi kowane a talabijin? A ƙarshen 2025 ma ba a fasa ba. Wani ya ce Labarina, wani ya ce Izzar So, wata ta rantse da Garwashi, dattijo kuma ya riƙe Dadin Kowa tamkar tsohon aboki. Waɗanda ba su jin Hausa sosai sukan kawo na Turkiyya, na Indiya, na Abijan ko na Dakar. Mai kunnen basira zai lura da abu guda a cikin wannan hayaniya: da wuya a ji sunan wani wasa da aka tsara, aka kuma ɗauka a ƙasar Nijar. Tun da gardama ce, sai a fara raba ta, sa'an nan a koma ga abin da ta tona.

Kafin a naɗa gwani dole a san mudun da za a auna shi. Kyan hoto da tsadar tufafi suna da daɗin gani, amma ba su isa ba. Wasan da ya cancanci rawani shi ne wanda mai kallo zai tashi daga gabansa yana tunanin maƙwabcinsa, ko yana tambayar kansa wata tambaya da ya daɗe yana gudu.

Labarina, wanda Aminu Saira ya fara fitarwa a 2020, ba shi da na biyu wajen tsabtar aiki. Sautinsa fes, haskensa daidai, kuma ya koya wa sauran masu sana'ar cewa mai kallo na da haƙƙin a girmama idonsa. Sai dai labarin ya fi zama cikin gidajen bene da manyan motoci, inda damuwar attajiri ita ce wace zai aura. Talakan da ke kallo a wayar aro yana shaƙar ƙanshin tukunyar da ba zai ci ba.

Izzar So na Lawan Ahmad, shi ma ɗan 2020, ya yi abin da ya kamata matasan Nijar su rubuta su ajiye: ya nuna cewa ana iya tara miliyoyin ƴan kallo ta YouTube ba tare da an roƙi wani daraktan gidan talabijin ba. Rauninsa wa'azi ne. Jaruminsa Umar Hashim ya cika tsarki har ya daina kama da ɗan Adam, kuma wasan da ya zarce kashi 100 yana maimaita darasi guda ya soma zama karatun allo.

Dadin Kowa, da tashar Arewa24 ta soma nunawa a 2015, shi ne ya buɗe wa sauran ƙofa. Ya shigo da almajiri, da ɗan gudun hijira, da mai shan ƙwaya, da Musulmi da Kirista a unguwa guda. Shekara goma ba wasa ba ce, amma rijiyar da aka daɗe ana ja dole ruwanta ya ragu. Kwana Casa'in kuwa, tun daga 2019, shi ne ma'aunin ƙarfin hali. A jihar Alfawa, wadda babu ita a taswira amma kowa ya san hanyarta, an ga gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, yana sayen ƴan jarida da ƴan banga, asibitin talakawa kuma na rubewa. Wanda ya rayu a Yamai a zamanin jam'iyyu bai buƙaci tafinta ba.

Duk da haka, rawanin 2025 na Garwashi ne. Fauziyya D. Sulaiman ce ta rubuta shi, Yaseen Auwal ya ba da umurni. Labarin Asma'u ne, matar da mijinta ya rasu ya bar ta tsakanin talauci da dangi. Babu gwamna a tsakiyarsa, babu juyin mulki, amma siyasar da ke cikinsa ta fi ta dandalin kamfe zafi, domin ya tambayi al'umma abin da take yi da mace ranar da ƴan gaisuwa suka watse. Addini ya yanka wa matar mamaci haƙƙinta a fili: takaba wata 4 da kwana 10, gado kuma tumuni idan akwai ɗa, rubu'i idan babu. Tsakanin abin da littafi ya ce da abin da ƴan uwan miji suke aikatawa akwai rami mai zurfi, kuma cikin ramin nan wasan ya sauka da fitilarsa.

A Nijar wannan magana ba tatsuniya ba ce. Ranar 10 ga Disamba 2019 sojoji 71 suka kwanta dama a Inatas. Ranar 9 ga Janairu 2020 wasu 89 suka bi su a Shinagodar. Tun daga lokacin jerin bai tsaya ba, a Tilaberi, a Tawa, a Difa, sojoji da fararen hula. Bayan kusan kowane suna akwai mace da ta shiga takaba. Ƙasar kuma har yau ba ta da kundin dokar iyali. Yunƙurin da aka yi a farkon shekarun 1990 ya mutu a hannun gardama, na 2011 ya bi sahunsa. Matar da ta rasa miji tana yawo ne tsakanin malami, da fadar sarki, da alƙali, kowa da mudunsa. Wasan da ya sa gida guda ya zauna ya dubi wannan hali ya yi aikin da taron ƙara wa juna sani goma a otal bai yi ba.

Ga kuma inda abin yake da ciwo. Fiddausi Yahaya, wadda ta ɗauki nauyin wasan a kafaɗarta a matsayin Asma'u, ƴar Nijar ce. Ba ita kaɗai ba. Fati Nijar ta bar Maraɗi ta yi suna da muryarta a finafinan Kano, Rakiya Musa ma can tauraronta ya haska. Ƙasar tana haifar gwanaye, maƙwabci yana renonsu, sa'an nan ƴan ƙasar su biya masu tura fim a waya domin su ga ƴaƴansu. A watan Agusta 2023, da Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na bukatarta daga gare ta, hukumomi sun yi ta jawabi a kan haɗarin dogara ga waje. Ba a ji wanda ya ce uffan a kan cewa labarin da ake kwana da shi a ɗakunan Yamai ma ta hanya guda yake zuwa.

Alhali kuwa ba haka aka faro ba. Tun 1964 Nijar ta shigar da talabijin cikin azuzuwan lakwal, lokacin da ƙasashe da yawa na Afirka ba su san kamanninsa ba. Mustafa Alhasan ya ɗauki Aouré a 1962. A 1972, da aka fara ba da babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, Umaru Ganda ne ya ɗauke ta da Le Wazzou polygame, fim ɗin da ya taɓa alhazai da auren dole ba tare da ya nemi afuwar kowa ba. Zalika Sule ta zama tauraruwa tun kafin a san za a yi wani abu wai shi Kannywood. Bayan an buɗe Télé Sahel a 1979, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyon Damagaram da ta Yazi Dogo sun riƙa tara unguwa guda gaban akwati ɗaya. Zamanin Seini Kunce ne, zamanin soja da samariya, amma ko a lokacin an ga ɗan kasuwa mai algus da ma'aikaci mai cin hanci suna shan dariyar jama'a.

To, me ya faru? Abu na farko kuɗi ne. Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, al'adu ne suka fara shan wuƙa. Gidan talabijin na ƙasa ya ga ya fi sauƙi ya karɓi Derrick ko Marimar a kan araha da ya biya marubuci da ƴan wasa. Gidajen silima irin su Vox da Rex suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Tashoshi masu zaman kansu da suka biyo baya, Ténéré a 2000, Dounia a 2007, da sauransu, sun cika lokacinsu da muhawarar ƴan siyasa da sanarwar biki, domin kujera huɗu da tebur sun fi wasan kwaikwayo arha. A daidai wannan lokaci Burkina Faso ta fitar da Kadi Jolie da Les Bobodioufs, aka kalle su har Yamai. An kafa cibiyar silima ta ƙasa a 2008, amma ofis ba ya ɗaukar fim.

Abu na biyu shi ne ciwon faɗakarwa. Ɗan abin da ake ɗauka a gida yawanci wata ƙungiyar agaji ce ke biya, ita ce kuma ke zaɓen darasi: yau gidan sauro, gobe allurar rigakafi, jibi tazarar haihuwa. Darussan na da amfani, amma ɗan wasan da aka ɗora wa saƙo a ka kamar tallan goro ba ya zama mutum, kuma mai kallo na gane talla ko da an naɗa mata rawani.

Abu na uku tsoro ne, kuma shi ya fi sauran nauyi. A watan Janairu 2024 aka dakatar da shugabannin Gidan ƴan jarida. A watan Yuni na shekarar aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet, a kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai dagula zaman lafiya. A watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa. A irin wannan yanayi, matashin da ke da labarin wani gwamna mai sayen ƴan jarida zai duba kyamararsa, ya duba ƴaƴansa, ya koma ɗaukar bikin aure. Kada kuma a ɗauka Kano aljanna ce: a watan Mayu 2025 hukumar tace finafinai ta jihar ta dakatar da wasanni 22 a rana ɗaya, har da Labarina da Dadin Kowa da Garwashi, bisa cewa ba a kai mata su ta duba ba. Bambancin shi ne can akwai kasuwa, da ƙungiyoyin masu sana'a, da ƴan kallon da ke tambaya idan wasa ya ɓace. Almakashi na cizo, amma akwai yadin da zai ciza.

Wani zai ce: ƙasa na cikin yaƙi, hatsi ya yi tsada, wa ke ta wasan kwaikwayo? Amsa ita ce jama'a ba su daina kallo ba don ana yaƙi. Abin da ya rage a sani shi ne labarin wa suke kallo. Wani kuma zai ce Kano da Maraɗi ɗanjuma ne da ɗanjummai, harshe ɗaya, addini ɗaya, to ina asarar? Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a toshe wannan zumunci. Sai dai marubucin Kano ba zai rubuta labarin leburan Arlit da ƙurar ma'adini ba. Ba zai rubuta na ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 ba, ko na babban taron muhawarar ƙasa na 1991, wanda marubucin wasan kwaikwayo ne ma ya shugabance shi, wato André Salifou. Ba zai bi sawun mutum 92, yawancinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya a watan Oktoba 2013 ba. Ba laifinsa ba ne. Kowa ya san inda ɗakinsa ke yoyo.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Harshe kuwa ba ya rayuwa da ayar doka. Yana rayuwa ne a bakin masu ba da labari. Idan da gaske ake, hanyoyin a bayyane suke. Gidan RTN ya ware sa'a guda ta bayan sallar isha'i ga wasannin gida, ya saye su da farashin da aka sanar a fili, ya kuma biya a kan lokaci. A kafa asusun da marubuta da masu ba da umurni za su yi takara a gabansa, alƙalansa kuma su kasance masu sana'ar, kada su zama ƴan aiken minista. A buɗe ƙofar ga Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci, tare da fassara a ƙasan hoto, domin mutumin Gaya ya ji kukan mutumin Ngigmi. Kamfanonin waya, waɗanda ke cin riba duk sa'ad da aka sauke kashi ɗaya na wasan Kano, su mai da wani abu cikin tukunyar. Sama da duka, hukuma ta yarda a yi mata dariya. Mai mulkin da ba ya jure ganin kamanninsa a cikin wasa yana rufe wa kansa tagar da zai ji abin da fadawa ba za su taɓa gaya masa ba.

Garwashi ya ci rawaninsa da guminsa, kuma duk wanda bai gan shi ba ya nema. Amma matan da aka bari da marayu a Walam da Baniɓangu suna da nasu labarin, da nasu harshen, kuma har yanzu ba a aiko musu da kyamara ba.