A koya wa yara haɗa sabulu, amma soda ta tsaya hannun manya

Duk lokacin da babban hutu ya matso, tambayar iyaye ɗaya ce: me za a ba yaran nan su yi daga watan Yuli har komawa lakwal a Oktoba? Ƴan shekarun nan amsar da ta fi yawo ita ce sana'ar hannu. Bidiyon haɗa sabulu, da narka kyandir, da jera gutsattsarin karo a bango ya cika WhatsApp da Facebook, ƙungiyoyin mata ma suna koyarwa a unguwanni daga Maraɗi zuwa Tawa. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai sana'o'in nan uku ba haɗarinsu ɗaya ba, kuma wadda aka fi rububi a kai, wato sabulu, ita ce aka fi yi da ganganci.

Sabulun zamani abu uku ne: mai, da ruwa, da soda. Sodar nan da ake saye a kasuwa a ƙulle cikin leda fara ce tas, kamar sukari ko gishiri. Idan aka jiƙa ta kuma, ba ta da launi, ba ta da wari, ido ba ya raba ta da ruwan sha. A nan masifar take. Uwa ta jiƙa soda a kofi ko a robar ruwan sha, ta ajiye a gindin randa ta huce, yaro ɗan shekara 2 ya shigo da ƙishi ya kurɓa. Soda tana cin nama. Tana ƙone baki da hanyar abinci, bayan ƴan makonni tabon ya tsuke hanyar, har yaro ya kasa haɗiye tuwo, wani ko miyau ya gagare shi. Likitocin yara a Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin wannan ciwo, kuma jinyarsa tana ɗaukar watanni ko shekaru, a manyan asibitoci kawai.

Wani zai ce, to a bar sana'ar mana. Ban yarda ba. Sabulu yana ciyar da gidaje, yana biyan kuɗin littafi da alƙalami, kuma ko an hana koyar da shi soda ba za ta fita daga gidajenmu ba. Abin da ke kawar da haɗari shi ne koyarwa mai tsari. Wani kuma zai ce kakanninmu sun yi sabulun salo shekara da shekaru ba tare da sikeli ba. Gaskiya ne, amma su ruwan toka suke tacewa daga karan hatsi, ƙarfinsa bai kai na soda ba, kuma a kan wuta ake dafa shi na tsawon sa'o'i, tsohuwar da ta ƙware tana duba shi. Sodar kasuwa kuwa tsantsa ce. Wanda ya auna ta da gwangwanin tumatir ko da ƙiyasin ido, ko dai sabulunsa ya ci hannun masu wanki, ko ya ƙi daskarewa a yi asarar mai.

Ga abin da ya kamata malamai su lura da shi: haɗa sabulu darasin lissafi ne tun kafin ya zama sana'a. Kowane mai da adadin sodar da yake ci. Kilo 1 na man gyaɗa yana buƙatar wajen giram 135. Man kaɗanya ya ɗan yi ƙasa da haka, man kwakwa kuwa ya haura giram 180. Masu sana'a sukan rage kashi 5 cikin 100, don a bar ɗan mai da zai tausasa fata, sai na man gyaɗa ya tsaya kusan giram 128, a jiƙa shi cikin ruwa kamar giram 300. Sannan lita 1 ta mai ba kilo 1 ba ce, wajen giram 920 take. To a tambayi ɗan aji shida: mai lita 5 ta man gyaɗa, soda nawa za ta auna? Idan ya samu kilo 4 da giram 600 na mai, ya kai ga soda giram 590 ko kusa da haka, ya yi ninkawa, ya yi kaso cikin ɗari, ya bambanta nauyi da awon lita, duk a zama guda. A ƙara masa kuɗin mai da na soda, a ce ya fitar da farashin sanda ɗaya da ribarta. Yaron da ya yi wannan ba zai sake tambayar amfanin lissafi ba.

Shi ya sa nake ganin rabon aiki shi ne sirrin abin. Yaro ya yi lissafi, ya auna mai, ya shirya mazubi, ya yanka sabulu da safar hannu, ya naɗe, ya rubuta ranar da aka haɗa. Babba shi kaɗai zai taɓa soda, kuma da ƙa'idodin da ba a ragi a cikinsu. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, domin tana iya tafasa ta fantsamo a fuska. A yi a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu ta roba da tabarau, saboda ruwan yana zafi har ya kusa tafasa. Kada a yi amfani da tukunyar dalma, soda tana cin ta. Bokitin roba mai kauri ya isa, kuma shi da muciyarsa kada su koma madafa. Sodar da aka jiƙa ba a juya mata baya ko na minti ɗaya, wadda ta rage kuma a rufe ta da makulli, a rubuta sunanta a jiki. Sabulun yana fita daga mazubi bayan kwana 1 ko 2, amma sai ya sha iska a inuwa mako 4 zuwa 6 kafin a yi wanka da shi. Gaggawar kai shi kasuwa ɗanye ita ce ke ɓata sunan sabulun gida.

Idan tsautsayi ya auku, soda ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 20 a ƙalla, sannan a nufi likita. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin abin da ya ƙone a shiga zai sake ƙonewa a fita. Kada a ɗura masa manja ko lemun tsami ko tsamiya. A kai shi asibiti nan take, a tafi da ledar sodar, ko da bakinsa bai nuna komai ba.

Kyandir kuma haɗarinsa wuta ce. Ana narka shi a gwangwani da aka tsoma cikin tukunyar ruwan zafi, kada gwangwanin ya taɓa harshen wuta. Idan ya kama, a rufe shi da murfi. Ruwa watsa wutar yake yi. Ba mu manta da gobarar azuzuwan zana ta Yamai a watan Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda yara sama da 40 suka rasu a jimilla. Makarantar da ke da aji ko ɗaya na zana ko na kara, ba wurin narka kyandir ba ce.

Ƙananan yara, aikin karo ya fi dacewa da su. Guntayen da magina ke zubarwa kyauta ne. Babba ya naɗe su a tsumma ya farfasa, ya goge kaifin, ya kwaɓa siminti, tunda shi ma yana cin hannu. Yara su zana murabba'i da da'ira a takarda, su jera launuka, su kwaikwayi zanen da ke bangon tsofaffin gidajen Birni a Damagaram.

Saura a ce wa zai ɗauki nauyi. Tsarin karatunmu ya san darasin aikin hannu tun da daɗewa, rashin kayan aiki ne ya kwantar da shi. Kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye, da ta uwaye mata suna iya haɗa kuɗin sikeli ɗaya, da safar hannu, da akwati mai makulli. A gayyato mace ɗaya ta unguwa da ta iya sana'ar, ita ta riƙe soda, malami ya riƙe allo. Ranar 15 ga Oktoba ce ranar wanke hannu ta duniya. Makarantar da ta haɗa sabulunta a farkon Satumba, ranar nan ƴan lakwal za su wanke hannu da abin da su da kansu suka lissafa.