Tabarma da Allura Ba Za Su Miƙar da Bayan Baba Ba

A unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa na Kaduna akwai dattawan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a tsaye gaban injinan saƙa. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Ma'aikatan jiya su ne kakannin yau, kuma da yawansu ba sa iya miƙewa daga kujera sai sun dafa ƙugu.

Maganin da iyali ke yankewa kusan iri ɗaya ne a kowane gida. "Baba, ka kwanta ka huta." A sayo bel a ɗaure masa, a kira yaron kemis ya danna masa allura. Idan abin ya ƙi, sai a saurari mai lasifika a bakin kasuwa, wanda a wurinsa duk ciwon baya basir ne. Ƙauna ce ke sa a yi haka, amma tana ƙara nakasa tsoho.

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan ciwon ƙugu mai daɗewa, wato wanda ya haura wata uku. Ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma adadin na iya kaiwa miliyan 843 a 2050. Cikin abin da ta goyi baya akwai wayar da kan majiyyaci, motsa jiki bisa tsari, tausa, da zama da masanin halayyar ɗan Adam. Bel ɗin da ake taƙama da shi kuwa, tare da ƙwayoyi dangin tramadol, suna cikin abin da ta ce a kauce wa. Diclofenac ma, da ake sha kamar gyaɗa, yana iya ƙona ciki ya taɓa ƙoda, kuma tsofaffi ya fi kamawa.

Kwanciya tana sakar da naman baya, gaɓoɓi su sandare. Ranar da tsoho ya yunƙura, sai ya ji zafin ya ninka, ya tsorata, ya koma tabarma. Daga nan ya daina taka ƙafa zuwa masallaci ko coci, ya bar majalisa, barci ya ƙaurace masa, damuwa ta ƙara rura ciwon.

Nan ne aikin masanin halayya yake, nan ne kuma ake samun turjiya. Da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, dattijo zai haɗe rai: "Ni za ku mayar mahaukaci?" Ba wanda ya ce ciwon ƙarya ne. Ana koya wa mutum ne ya gane cewa ba kowane zafi ke nufin ƙashi na lalacewa ba, ya raba aikinsa kashi-kashi, ya gyara barcinsa. A wani bincike da aka yi a Seattle ta Amurka kan mutum 342, wanda mujallar JAMA ta buga a 2016, kusan shida cikin goma na waɗanda suka sami irin wannan horo sun ga ci gaba a harkokinsu na yau da kullum. Cikin waɗanda aka bari da kulawar da aka saba, kashi 44 cikin ɗari ne.

Gaba da gaba aka yi wancan horo, kuma a nan matsalar kudancin birnin Kaduna take. Wa zai ɗora mai ciwon ƙugu a Keke Napep daga Sabon Tasha ko Gonin Gora kowane mako, ramuka na jijjiga shi, ya tsallake gada zuwa asibitin Barau Dikko ya bi layi? Atisaye da nasiha ba sa buƙatar gado ko sirinji. Bidiyon minti biyar na yadda ake miƙe ƙafa a kwance, saƙon murya da Hausa ta WhatsApp, da kiran ma'aikacin lafiya sau ɗaya a mako, duk suna iya shiga ɗakin Baba ta wayar jikarsa. Ba kuma maƙwabcin da zai gan shi a ƙofar Barnawa.

Masu suka za su ce data da tsada, wuta babu, tsofaffi ba su iya latse-latse ba. Da gaskiyarsu, shi ya sa murya ta fi rubutu dacewa. Akwai kuma iyaka. Wanda ƙafarsa ke mutuwa, ko fitsari ke kufce masa, ko yake rama da zazzaɓi, ko ya faɗi, asibiti zai nufa a ranar, domin tarin fuka na kama ƙashin baya, sankarar mafitsara ta maza ma tana yaɗuwa zuwa can. Sai likita ya duba ya tabbatar ba ɗayan waɗannan, sannan waya ta karɓi aiki.

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna na iya gwada wannan da abin da ke hannunta. Babban Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri ya tantance majiyyata, masu gashin ƙashi su naɗi atisayen da Hausa, masanan Barnawa su ɗauki nauyin nasiha, ƙananan asibitocin unguwanni su riƙa bibiya ta waya. Bayan wata shida a ƙirga dattawa nawa suka koma tafiya kasuwa da ƙafarsu, nawa kuma suka rage shan ƙwaya.